Ƙugin Rediyon Baba Mumuni

Baba Mumuni ɗinkin katifa ya yi duk rayuwarsa a unguwar Maamobi, a wani ɗan shago da auduga ke yawo a cikinsa kamar gajimare. Kakansa ne ya zo daga Katsina da fataucin goro, shi kuwa bai taɓa wuce Kumasi ba. Abu ɗaya ya taɓa saya don jin daɗin kansa, wani rediyo mai jikin katako da ya ɗauko a kasuwar Tudu shekarar da ya auri Mma Ayishetu. Daga baya ya jona masa rakoda.

Na dawo daga karatu a Kiev a 1983, shekarar da ruwan sama ya ƙi sauka, na tarar Mma Ayishetu ta rasu. Gidanmu ɗaya, ƙofarsa tana kallon tamu. Kullum bayan la'asar sai ya sa kaset guda, wanda aka ɗauka ranar sunan jikarsu Zelia. Hayaniyar mata ce kawai da ƙarar kwanuka, amma can ciki akwai muryar matarsa. Ba shi da hotonta, wannan kaset ɗin ne kawai.

Sai wani ƙugi ya shiga rediyon, ƙasa-ƙasa, kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Kowane mako yana ƙara kauri. Muryar Mma Ayishetu dama siririya ce, ƙugin ya fara haɗiye ta.

"Fusena," ya ce da ni wata rana, "ke kina jin wannan abu, ko kunnena ne?"

"Ina ji, Baba."

"To, alhamdu lillahi. Na ɗauka nisa take ƙara yi."

Ya ƙi yarda a kai rediyon ko'ina, don haka na kira Zuberu mai gyara daga New Town. Zuberu ya tsuguna yana kallon akwatin.

"Baba, wannan ai ya girme ni."

"Ya kuma fi ka ladabi. Taɓa shi a hankali."

Zuberu ya cire kaset ɗin, ƙugin yana nan. Ya zare wayar rakoda, yana nan. Ya rage murya, ya ƙara. Ya kashe doguwar fitilar ɗakin. Sannan ya leƙa tsakar gida ya kira Abiba, maƙwabciyarmu mai sayar da ruwan sanyi.

"Anti Abiba, kashe firjinki mu ji."

"Ei! Kome ya lalace a gidan nan, firjin Abiba ne. Ƙanƙarata ta narke, kai za ka sha ta?"

Ta kashe dai. Gidan ya yi tsit, ƙugin kaɗai ya rage, yana kwance a ɗakin kamar wani baƙo. Zuberu ya ɗora yatsa a kan ƙarfen bayan rediyon, sai ƙugin ya ragu. Ya ɗage, ya dawo.

"Ƙasa yake nema," in ji shi.

Akwai wata siririyar waya daga bayan rediyon da ta fita ta taga. Muka bi ta har bayan ɗaki, inda take ɗaure da guntun ƙarfe da aka kafa a ƙasa. Wayar ba ta tsinke ba, sai ɗan tsatsa da Zuberu ya kankare. Amma ƙasar wurin ta bushe ta tsattsage, ƙarfen har girgiɗi yake a raminsa. Gefe ga wani dutse mai faɗi, samansa ya yi sumul.

"Sai da laima ƙarfen nan yake aiki," in ji Zuberu. "Wa ke zuba masa ruwa a da?"

Abiba ce ta amsa daga bayanmu, muryarta ta sauka. "Nan Mma take alwala. Tun da na zo gidan nan ban ga ta yi a wani wuri ba."

Baba Mumuni ya daɗe yana kallon dutsen. Ya ce ranar da ya kawo rediyon, mai sayarwa ya gaya masa kada ya bar ƙasar ta bushe. Shi kuma ya faɗa wa amaryarsa sau ɗaya, suna cin tuwo, bai sake tunawa ba.

Ya ɗauko buta. Ruwa yana wuya a shekarar, amma ya zauna a kan dutsen ya yi alwala a tsanake, ya juye ragowar a gindin ƙarfen. Ƙasar ta sha tana ƙamshi kamar ruwan farko. Zuberu ya danna ƙarfen ya tattake gefensa.

Muka koma ɗaki. Ƙugin bai tafi duka ba, amma ya ja baya, ya zama kamar teku daga nesa. Kwanuka suka yi ƙara, mata suka yi shewa, sai ga muryar Mma Ayishetu kusa da mu: "Ku sauke tukunyar nan, shinkafa za ta kama!"

"To," in ji Baba Mumuni.

Daga ranar, duk sallar da ta same shi a gida, a kan wannan dutse yake alwala.