Rokar Maigidana ce Ta Kai Ni Bungudu

Tun kafin a sa ranar tafiyar nan hankalina ba a kwance yake ba. Hannuwan maigidana nake jiye wa tsoro. Da su yake gyaran inji a gidan gurzar auduga na Gusau, da su muke ci ni da jaririyar da ke bayana, ga shi wata huɗu ke nan ya kwashe su ya ba wani abu da yake kira roka. Tun ranar da ya ji a rediyon wurin aikinsu cewa Turawa sun harba tauraro sama, bai ƙara zama daidai ba. Ya ƙera tasa rokar 'yar ƙarama da gwangwani, ba ta fi kamu ɗaya da rabi ba, siririya mai tsini kamar mazari. Burinsa wai ta yi gudun da za ta tsere wa ƙararta. Ni kuwa a wata huɗun nan, in ban da "kawo ruwa" da "ina fitila", ban tuna wata magana da ya yi mini ba.

Mun tashi da asuba, mu huɗu: ni, da goyona, da shi, da abokinsa malamin makarantar elemantare wanda ke yi masa lissafi. In an ƙirga da rokar mun zama biyar, kuma ita ce babbar baƙuwa. Sabon bargon da aka ba yarinya ranar suna, shi aka naɗe rokar da shi. Ni na ɗauki ƙunshin kaya a ka, ga goyo, shi ya rungume ta a ƙirji har tasha.

Tashar jirgin ƙasa cike take da buhunan gyaɗa da 'yan dako. Na sayi ƙosai na kwabo biyu wurin wata tsohuwa, ta ƙara mini ɗaya saboda yarinya. A cikin taragu benci ɗaya muka samu. Malamin ya zauna, maigidana ya zauna, roka ta zauna a tsakiyarsu, ni na ɗosana a gefe, rabin jikina a waje. Daga Gusau har Tsafe magana ɗaya suke yi, wato wane inji za a sa mata.

Da yake kunne ba ya rufuwa, na fahimci zancen. Abin da suke kira inji bututu ne kawai da ake cikawa da albarushi, a cusa shi a gindin rokar, a kunna. Guda uku suka tanada. Akwai dogo siriri na takardar siminti da aka naɗe da ƙaro, wanda zai daɗe yana ci amma turinsa ba ƙarfi. Akwai gajere mai kauri, shi ma na takarda, wanda zai cinye nan take da turi mai ƙarfi. Sai babban, na ƙarfen famfon keke, wanda ya fi su ɗaukar albarushi, ya kuma fi su nauyi. Maigidana yana ganin nauyin zai cinye ribar. Malamin ya dage sai babban, yana ta zana lambobi a bayan ambulan, wai in ba turi mai tsanani ba iska ba za ta ba da hanya ba. Ya ce alamar nasara ita ce a ji wani tas a sama, irin ƙarar bulala, bayan ƙarar tashin. Maigidana yana kallon bakin mutumin nan yana murmushi. Na yi ƙoƙarin tuna ranar da ya yi mini irin wannan kallo, ban samo ba.

Mun sauka Tsafe da hantsi, rana ta riga ta buɗe, duwatsun garin suna ta feso zafi. Gidan wani tsohon maharbi muka nufa, kawun malamin ne, shi ke haɗa albarushin bindigar toka. Ya juya rokar a hannunsa ya ce, "Wanga abu, mi za a kashe da shi?" Da aka ce masa ba komai, sama kawai za ta je ta dawo, ya yi dariya har da tari. Amma ya karɓi aikin. Yini guda ya yi yana ɗura bututun nan uku kaɗan-kaɗan yana dannawa, ya hana kowa matsowa da taba. Da ya gama ya ja kunnensu, ya ce a riƙe su kamar ƙwai, kada su sha jijjiga.

Ni cikin gida na yini tare da matarsa. Ta dama mini fura da nono mai sanyi, irin wadda ban sha kamarta a Gusau ba, da yamma kuma tuwon dawa da miyar kuka. Mangwaro a Tsafe kamar kyauta, na kwabo ya cika ƙwarya. Ta tambaye ni ko ganin gida za ni, na ce i. Ban gaya mata cewa tun da na yi arba'in nake roƙon a kai ni Bungudu in ga Innata ana ce mini sai an samu sarari ba. Sararin bai samu ba sai da malamin ya ce babu filin da ya kai yashin gulbin Bungudu faɗi da bazara.

Washegari babbar motar kaya muka samu mai zuwa Sakkwato, sule ɗaya da sisi kowane mutum. Hanyar burji ce, duk ta yi gargada. Mun wuce ta gindin dutsen Kwatarkwashi, na so in ɗaga kai in kalle shi sosai, amma haƙorana ma haɗuwa suke yi. Kan yarinya ya bugi katakon mota har sau biyu, ta tsala kuka. Uban ya waiwayo da sauri, na ce yau dai an tuna da mu, ashe kwandon bututun yake dubawa. Kwandon nan kuwa ya yi tsalle ya dire ya fi a ƙirga. Muka ratsa Gusau ba mu sauka ba, na hango rufin unguwarmu, muka miƙe. Da la'asar muka isa Bungudu, jikinmu ja wur da ƙasar hanya.

Inna ta karɓe jikarta tana juyi da ita a tsakar gida. Maginiyar tukwane ce, a cikin yumɓu na girma, kuma tun ban kai ɗaukar tulu ba ta koya mini ƙwanƙwasa tukunya da bayan yatsa. Mai lafiya tana amsawa da murya ɗaya ko'ina, mai tsaga kuwa ko ido bai gani ba kunne zai ji.

Da safe maigidana ya ajiye kwandon a ɗakina suka tafi gaida dattawan unguwa shi da malamin. Ba don taimako na taɓa bututun nan ba, haushi ne ya sa, ina so in ga abin da ya fi ni. Na ɗauki babban na ƙwanƙwasa gindinsa, ya amsa dim. Na ƙwanƙwasa tsakiya, sai na ji kwal, kamar akwai rami. Na kai kunne na karkata shi a hankali, na ji wani abu yana zuba siriri a ciki. Sauran biyun muryarsu ɗaya daga sama har ƙasa.

Da suka dawo na tare maigidana a bakin zaure na ce, "Malam, babban nan ya tsage daga ciki." Malamin makaranta ya yi dariya ya ce, "Uwargida, wannan ba tukunyar miya ba ce." Maigidana ya ce in koma ciki, sun riga sun yanke shawara babban za a sa. Lagwanin da ya yanka masa kuwa bai fi ɗan yatsa ba, da hannu zai kunna ya ruga.

Ban yi gardama ba. Na ɗauki bututun na kai wa Inna. Ta ƙwanƙwasa sau uku, ta yafa mayafi, ta fito har zaure, abin da ba ta taɓa yi ba in yana nan. Maigidana na ganinta ya zube ya durƙusa, kansa a ƙasa. Ta ce, "In tukunya ta yi wanga kuka, ba ni sa ta wuta kusa da mutane." Mutumin da ya yi wata huɗu yana musu da kowa ya ce, "To, Inna." Ai ba a ja da suruka. Na ji daɗi, na kuma ji zafi, don maganata ce aka karɓa daga bakin wata.

Muka gangara gulbi, yashi fari fat har iyakar gani, sai 'yan ramukan da mata ke ɗibar ruwa. Suka haƙa rami suka binne babban shi kaɗai ba tare da rokar ba, suka ja lagwani mai tsawon igiyar guga, muka ɓuya bayan gaɓa. Ƙarar da ta tashi, jakunan da ke can hayi sai da suka tsinke. Ƙarfen ya tsage gida-gida, wani ɓallin ya nutse a jikin giginya, da wuƙa aka ciro shi. Maigidana ya daɗe yana kallon ɓallin nan a tafinsa. Malamin ya ninke ambulan ɗinsa ya sa aljihu, ya ce lissafin dai daidai ne, hanya ce ta ɓata shi.

Gajeren aka sa wa rokar. Ta tashi fuu da farin hayaƙi, ta yi sama har ta koma kamar allura, sannan ta juyo ta cake a yashi. Kowa ya kasa kunne, ba tas ba alamarsa. Ba zan ɓoye muku ba, da ta tashi ni ma sai da na yi guɗa, na kuma ji haushin kaina.

Kwana biyu na samu wurin Inna, muka dawo Gusau a bayan motar gyaɗa. Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne babban inji ba shi ne gudu ba, kuma abin da aka danna da kyau a Tsafe yana iya isa Bungudu a fashe. Yanzu duk bututun da ya kawo sai ya miƙo mini ya ce, "Ji mini wannan." Ina ji masa. Amma a littafin da yake rubuta gwajinsa, na haɗa baƙaƙen da na koya a ajin yaƙi da jahilci na karanta, ya sa maharbi, ya sa malamin, ya sa Inna, ni babu. Kuma ya fara naɗa wani sabon bututu.

Don Allah, in a cikin masu karanta wannan akwai wanda ya san aikin roka da gaske, ya aiko a gaya wa maigidana tsawon lagwanin da ya kamata da nisan da mutum zai tsaya. A rubuto da lambobi, su yake ji.