Sista Modupe da Littattafan Jana'iza

Ƙarfe bakwai na safe Sista Modupe take sauka daga Keke Napep a Samaru, jakarta cike da littattafan jana'iza, irin waɗanda ake rabawa a coci da hoton mamaci a bango. Shekara goma sha ɗaya muna binciken ciwon dajin hanji tare a asibiti. Ni Ɗanjuma ina ɗakin gwaji ina duba ƙwayoyin gado a jini, ita tana taka Sabon Gari da ƙafa. In faɗi gaskiya, ina ƙyashinta, ƙyashi mai cin rai.

Yawancin abin da aka rubuta kan gadon wannan cuta daga jinin Turawa aka samo shi, namu sai mun tono da kanmu. To, mutanen Sabon Gari in ciwo ya tsananta gida Kudu ake mai da su, can su rasu, fayil ɗinsu a nan ya tsaya ba ƙarshe. Na ce aiki ya mutu. Ita kuwa ta bi gida-gida tana roƙon littattafan nan. "Bayan gajeriyar rashin lafiya" kawai ake rubutawa, sai ta zauna da matar da ta yi jinya, ta tambaye ta abin da ta gani a fo in mara lafiyar ya yi bayan gida. Ni ko da bindiga aka tsare ni ba zan iya wannan tambaya ba.

Haka ta gano mamata uku a gidan Ejiofor, ba wanda ya kai hamsin. Ta tarar da 'yarsu Amara a shagon yadinta, ita ma tana ganin jini a bayan gida kamar su.

"Mama, basir ne kawai," in ji Amara. "Su Baba kuwa guba aka ba su a ƙauye."

"'Yata, in basir ne likita zai faɗa. Rufe shagon nan mu tafi."

Sai a zuwa na bakwai Amara ta biyo ta. Ni na ga canjin ƙwayar gado a jininta, ni ɗin nan! Likita ya leƙa hanjin, ya sami tsiro bai bazu ba, ya cire. Ranar da Amara ta dawo godiya, ni ta tarar a bakin ƙofa, ta ce, "Oga, ina Mama?" Na nuna mata hanya, na koma ciki ina huci.

Sista, ke ce mai zama inda mu masu farar riga muke toshe hanci. Injina yana karanta jini, amma bai taɓa kawo ko mutum ɗaya asibiti ba. Na gode, ko da yake godiyar da ƙyar ta fito. Ku kuma ma'aikata 'yan'uwana, ku tashi daga kujera, ku shiga gidajen mutane ku yi tambaya.

Juma'ar nan Sista Modupe za ta yi ritaya. Eric, ƙanin Amara, yana unguwar Dogarawa, har yau ya ƙi zuwa gwaji. Litinin ni zan je masa, kuma wallahi ban san da wace kalma zan fara ba.