Sunan da Ya Maƙale a Bakin Uba

Wata rana ina cikin motar haya daga Ningi zuwa Bauchi, muka iso wani shingen jami'an tsaro.

Mu goma sha huɗu ne a motar. Mutum ɗaya aka nuna da yatsa.

"Kai Bafulatani, sauko."

Wani Alhaji da ya cika but ɗin motar da buhuna, gaisuwa kawai aka yi masa.

Mutumin ya sauko da yarinya a kafaɗa. Ba ta wuce shekara biyar ba, zazzaɓi ya galabaitar da ita. Asibiti zai kai ta.

Jami'in matashi ne, da jin Hausarsa ka san baƙo ne a yankin. Ya tambayi 'yar waye. Mutumin ya ce tasa ce. Ya tambayi sunanta.

Shiru.

Sau uku ana tambaya, bawan Allah ya sunkuyar da kai, sai gumi.

Jami'in ya zaro ankwa. Wai uban da bai san sunan 'yarsa ba, ai sato ta ya yi.

Ni kaina zuciyata ta fara cewa "ko dai...?" Allah Ya yafe mini.

Sai wata tsohuwa ta leƙo ta taga:

"Ɗan nan, 'yar farinsa ce. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari. Kunya ce, ba sata ba."

"Iya, babu kunya a aikina. Ya faɗa, ko ya kwana a sel."

Mutumin ya dubi ankwar, ya taɓa goshin yarinyar. Ya ce, "Dudu."

Yarinyar da tun Ningi ba ta motsa ba ta ɗago kai, ta zuba masa ido. Tunda aka haife ta ba ta taɓa jin sunanta a bakinsa ba.

Aka sake shi. Har muka shiga Bauchi bai ƙara kallon kowa ba. Wallahi na ji kunyar kaina.

Darasi: Idan kullum ƙabila ɗaya ake saukewa a mota, dole ita za ta cika sel. Gobe kuma a ƙirga, a ce su suka fi laifi. Kafin ka yanke wa mutum hukunci a kan shirunsa, tambayi abin da shirun ke nufi a gidansu.

Tura wa wani, musamman mai kaki. Ba kullum ake samun tsohuwa a motar ba.