Ramin Murucin Gwaggo

Zamanin soja ne aka shata dajin giginyar da ke tsakanin Tanda da Gaya, aka ce na al'umma ne: ba sara, ba tsintar ƙwallo. Aka nemi wanda zai riƙa bin ƙauyuka yana wayar wa mutane kai, aka ɗauke ni, don na yi lakwal, wato makarantar boko, kuma ina jin Dendanci. Na ji daɗin aikin nan ƙwarai. Ni da ba a raba ni da surutu, ga keke an ba ni, ga izinin magana.

Kuma gaskiya nake faɗa wa mutane. Mata kan tsince ƙwallon giginya kaf, su binne a rami, bayan damina su tono tsiron, wato muruci, su dafa su kai kasuwa. In ba a bar ƙwallo ya zama itace ba, jikokinmu sai dai su ji giginya a labari. Abin da ba na faɗa shi ne, gwaggona da ta riƙe ni bayan rasuwar babana, da muruci take ci take sha. Raminta na cikin dajin, gefen fadama. Na sani, ta san na sani, muka yi ta zamanmu.

Wata safiya na kai ƴan lakwal yawo cikin dajin. Wani mai gadin daji ya biyo mu da bindigarsa, baƙo ne daga arewa, bai san giginya ba sai inuwarta. Wata yarinya, don dai a ji bakinta, ta tambaye ni yadda ake gane inda aka binne ƙwallo. Da ma na ce ban sani ba. Amma ina, baki ya riga ya buɗe. Na ce a duba inda ƙasa ta ɗan tasa an lulluɓe ta da busasshiyar ciyawa, ganye siriri ya leƙo a cunkushe, alhali wadda Allah ya shuka ɗai-ɗai take fitowa. Duk ɗan Gaya ya san haka tun yana rarrafe. Mutum guda ne a wurin bai sani ba, na kuwa ga yana gyaɗa kai.

Ba a daɗe ba masu gadin daji suka bi ramukan suka tone, har da na Gwaggo, suka loda murucin a mota. Abincinta na shekara ke nan. A lokacin ba mai ɗaga murya gaban kaki. Aka yanke wa mata masu ramukan hukunci su tsinto ƙwallo su shuka a dajin. Wa zai nuna musu yadda ake shukawa? Ni, malamin daji.

Ran nan na tsaya gabansu, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na yi bayanin da na saba. Gwaggo na can ƙarshen layi da kwandonta da ƴar fartanya. Ba ta zage ni ba, ba ta harare ni ba, da ma ta yi. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka tunda nake ba ta taɓa kirana komai ba sai Babana. Da na iso kanta, ta ɗago ta nuna wurin da ta fara sara.

"Mushe," ta ce, yadda ake kiran malaman lakwal, "nan ya yi, ko in matsa gaba?"

Na ce, "Ya yi."

Ta duƙa ta ci gaba da haƙa.