Wanda Fitilar Ramalan Ta Ƙi

Ran kasuwar Rano da hantsi, wata dattijuwar Bafulatana ta sauke ƙwaryarta a ƙofar shagon Ramalan mai hoto, ta zauna a kan dakali. Sunanta Ramlatu, daga wata ruga a bayan Fassi. Ba tallan nono ya kawo ta ba, ƙwaryar wayam take. Ɗanta ne ya rasu, kwana arba'in ke nan, aka ce mata duk duniya babu inda hotonsa yake sai a wannan shago. Ramalan ya hango ta ta gefen labule, dama kuwa ya san wata rana wani daga rugar nan zai zo.

Shi Ramalan mutumin Lausu ne, ɗan manoma, amma fartanya ba ta taɓa zama daidai a hannunsa ba. Mahaifinsa kan ce in ka ba shi kunya ɗaya ya nome, sai ka tarar da shi tsaye yana kallon yadda rana ta kwanta a kan dutse. Ya je Kano ya koyi ɗaukar hoto, ya dawo da kyamara ta hannu, ya kama shago kusa da tasha. Shekara goma sha huɗu ke nan yana ɗaukar fasfo na masu rajistar taki da na 'yan jarrabawa, in Allah ya kawo suna ko walima ya ɗaure kaya a babur ya tafi.

Bara waccan, fitilar kyamarar ta asali, mai sunan kamfani a goshi, ta mutu murus. Da ya je Kano ya ji farashin sabuwa, sai ya tambayi mai kanti ko da saniya ake haɗawa. Mai kanti ya yi dariya, ya jawo wata daga ƙarƙashin tebur, 'yar Cana, sunanta ma ba ya karantuwa, ya haɗa masa da gilashin gaba na wani kamfanin daban. Ya ce, “Ba jabu ba ne, gida ne kawai ba ɗaya ba. Haske ai haske ne.” Abokan sana'a suka yi ta yi masa tsiya, wai araha ba ta ado. Ramalan ya ce manomin da zai manna hoto a takardar taki bai taɓa tambayar sunan fitila ba. Kuma gaskiyarsa, hotuna na fita fes.

Sai dai wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Fitilar nan tana da hali. Kafin ta cika sai ta yi wani siririn kuka kamar sauro a kunne, wani sa'in kuma a danna ta ta yi kememe ta ƙi kawo haske. Shi ya sa Ramalan ya ɗauki wata ɗabi'a: duk wanda ya sako kai, tun yana bakin ƙofa, sai ya ɗaga kyamara ya ƙyasta masa sau ɗaya don gwaji, sannan ya zaunar da shi gaban farin ƙyalle. Ba ya kuma goge na gwajin, ko lalaci ne ko mene ne, oho.

Daga nan tsiya ta faro. Fitila ta ƙi Malam Mukhtar na Zinyau, bai ga azumi ba. To, tsoho ne, aka ce kwana. Sai Alu, ɗan wannan dattijuwa, dogon makiyayi mai fara'a, ya zo ɗaukar hoton katin ƙungiyarsu. Yana tsaye a ƙofa aka danna, shiru. Ya yi dariya ya ce, “Fitilarka kunyata take ji.” Ramalan ya cire masa malafa, ya jingine sandarsa, ya ara masa kwat ɗin da ke rataye a ƙusa, ya zaunar da shi, fitila kuwa ta kawo haske tarwai. Bayan sati uku aradu ta faɗa wa Alu yana tsakiyar shanunsa, ko saniya ɗaya ba ta ƙwarzane ba.

Wayyo bakin mutane! Kafin ka ce kwabo zance ya kai Kibiya ya dawo: wanda fitilar Ramalan ta ƙi, ya shirya. Ramalan ya yi rantsuwa har ya gaji cewa batir ne, kuma ta ƙi mutane da dama da ke nan suna cin tuwonsu. Amma shi kansa mai rantsuwar ya daina ɗaukar 'ya'yansa da ita, in zai goge ta kuma sai ya juya fuskarta bango. Tsoro yake ji, bai dai gaya wa kowa ba.

Yanzu ga uwar Alu a dakali. Ramalan ya fito ya rusuna.

“Sannu da zuwa, Inna. Shigo daga ciki, hadari na haɗowa.”

Ta shiga ta zauna a ƙasa, ta ƙi kujera. “Malam mai hoto, an ce wani ya zo nan.”

“Wa ke nan, Inna?”

Yana faɗa ya ji da ma ya haɗiye. Alu ɗan fari ne, ita kuwa irin matan da ce masu riƙon kunya da gaske. Tun yaye kakarsa ta ɗauke shi. Shekara talatin Ramlatu ba ta kira sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi ba, in ya gaishe ta ma gefe take amsa wa. Ba ƙiyayya ba ce, haka ta tarar ana yi.

Ta ce, “Wanda fitilarka ta ƙi.”

Ya fara zancen batir, ta ɗaga masa hannu. “Ban zo da ƙara ba. Kwana ne ya ƙare. Gani kawai nake so.”

Ya kunna kwamfuta, ya lalubo ranar, ya buɗe mai kyaun, ya juyo mata. Ga Alu nan cikin kwat, kai ba malafa, goshi na ƙyalli, ido biyu tar a kanta. Ramalan ya sunkuyar da kai yana jiran kuka. Can ta ce, “Wane ne wannan?”

“Shi ne, Inna.”

“A'a. Wannan ɗan birni ne. Duba dai da kyau.”

Ya taɓa maɓalli, sai hoton gwajin ya faɗo. Baƙi ƙirin, ban da hasken ƙofa. A tsakiyar hasken mutum ne tsaye, dogo, da malafa, sanda a gicciye bisa kafaɗu, hannu biyu rataye a kanta, kai a ɗan karkace. Fuska kuwa babu, duhu ne kawai. Ramalan ya yi wuf zai wuce shi, dattijuwar ta cafke masa wuyan hannu, tafinta sanyi ƙalau.

“Tsaya.”

Ta matso har numfashinta na taɓa gilashin. Ta faɗi wata magana da Fulatanci can ƙasa-ƙasa, bai ji ba, bai kuma tambaya ba. Garin ya yi duhu, iska ta fara kaɗa labule. Fitilar da ya manta a kunne bisa tebur ta soma siririn kukanta, ya miƙa ɗaya hannun ya kashe ta da sauri.

“Wannan za ka wanke min,” in ji ta.

“Inna, ai ba a ganin fuska. Ga wancan ya fita tas, shi ya kamata ki ajiye.”

“Ni ban san wancan ba. In ya dawo kiwo, haka yake tsayawa a bakin bukkata, rana a bayansa, ya gaishe ni ina duban ƙwarya. Iyakar abin da na sani nasa ke nan.”

Ramalan ya miƙe. Ya jawo takarda mafi girma da yake da ita, ya sa a inji. Injin ya fara zuba baƙi, tana zaune ba ta ɗauke ido daga kan kwamfutar ba.

Ta ce, “Har yanzu ma yana zuwa ya tsaya. Ina jin inuwarsa a ƙofa kullum da yamma, amma da na ɗaga kai ba kowa. Wannan dai in na ɗaga kai zan same shi.”