Ka Rage Tsawon Sandar, Agenor

Ranar Talata, tara ga watan Yuli, da hantsi, Ivonete ta buga mini waya ta ce, "Kawu Nestor, Baba ya tafi." Na ce, "Ya tafi ina? Ai ruwan teku bai janye ba tukuna." Sai ta faɗa mini a fili. Mahaifinta, Agenor Tavares, abokina na shekara talatin da ɗoriya, ya cika a kan kujerarsa ta ƙofar gida a nan garinmu Peruíbe, na bakin teku. Zuciyarsa ce ta tsaya. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Agenor, tun ranar ban zauna wuri ɗaya ba. In ɗora kofi in manta da shi a wuta, in fita in dawo, in sake fita duba teku. Na zauna rubuta wannan ta'aziyya ya fi a ƙirga ina tashi, domin ka bar mini aiki, kuma ka san ka bar mini.

Kai ka koya mini yawo da na'urar gano ƙarfe, bayan na bar aikin dako a tashar jirgin ruwa da kafaɗar da ta ƙi warkewa. Kai dogo, ni gajere, har masu sayar da ruwan rake suna ce mana turmi da taɓarya. Muna bin bakin teku da sassafe, faifan na'ura yana shafar yashi, abin ji a kunne, muna tono marfin kwalba da ƙusa. Mutane na ɗauka zinariya muke kwasa kullum, kai kuma ka ce da su ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Ba ka taɓa barin rami a buɗe ba. Kuɗin da mutane ke jefa wa teku a daren sabuwar shekara kuwa, in ya shigo matankaɗinka, sai ka mayar ka ce ba mu aka bai wa ba.

Zobban aure nawa ka mayar wa masu su? Kai ma ba ka sani ba. Na tuna wani ango ɗan birnin São Paulo da ya zauna a yashi yana kuka kamar an yi masa mutuwa, amarya na tsaye a kansa tana zazzaga masa. Ka wuni a rana har ka tono zoben. Ya ciro walat, ka ce, "Mayar, ɗan samari. Saya mini kofi, ita kuma ka ba ta haƙuri, don na ga da sauran rina a kaba."

Amma naka zoben ka kasa samu. Shekarun baya, da sanyi, ka shiga taya masunta jan koma a gaban bakin kogi. Sanyi ya tsuke maka yatsa, igiya ta zare zoben, ya faɗa inda ruwa ke kaiwa ƙirji. Sunan matarka, Zulmira, yana rubuce a cikinsa, kamar yadda naka ke cikin nata. Ta ce a sayi wani, ka ce zobe ba takalmi ba ne. Tsohuwar na'urarka kuwa ba ta shiga ruwa. Ko jiƙaƙƙen yashi ta taɓa, gishiri ya ruɗa ta, ta kama ihu kamar an taka wutsiyar mage.

Daga nan aka shiga maganar na'ura ta biyu, wadda ta ci mana shekaru. Allah Ya sani ka gajiyar da ni. Guda biyu ne a ranka: mai nauyi, wadda ke jin ƙarfe can ƙasa amma ba ta raba zinariya da ƙusa, da marar nauyi, wadda ke rabawa amma jinta bai kai zurfin waccan ba. Yau ka ce wannan, gobe ka ce waccan. Ka kira ni ina tsakiyar cin abinci.

"Gajere, na yanke shawara. Mai nauyin zan saya."

"To Alhamdu lillahi, mun huta."

"Amma fa an ce a bakin kogi ƙusa ta fi yashi yawa."

"To sayi ɗayar mana, malam!"

"Wannan abin wasan jikokin? Ka raina ni. Irinku masu ruɓaɓɓiyar kafaɗa aka yi wa ita."

In ce maka mutuwa za ta riske ka kana zaɓe, ka ce sauri ya haifi nawa. Da wasa nake faɗa, Agenor. Wallahi da wasa.

Ranar jana'iza, kafin a rufe akwati, ɗan'uwanka ya kama hannunka na hagu zai cire zobe ya miƙa wa Dona Zulmira, ta haɗa da nata a yatsa ɗaya kamar yadda kowace matar mamaci ke yi a ƙasar nan. Ya manta zoben ya ɓata. Ya riƙe yatsan nan da babu komai a jikinsa, ya rasa yadda zai yi da shi. Zulmira ta sunkuyar da kai tana juya nata. A gabana aka yi, kuma ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗe mini wuri ɗaya kamar ranar ba. Mutumin da ya cika yatsun baƙi da zobba, matarsa ta koma gida da zobe ɗaya.

Sai ga teku ya haukace a makon, irin haukan da muke jira kowace shekara, wanda ke kwashe yashin gaɓa ya tone abin da ya daɗe a binne. Bana ya kwashe fiye da yadda na taɓa gani, har tsofaffin duwatsun bakin kogi sun fito. Kowane mai na'ura ya san wannan ƙofa ba ta daɗewa a buɗe, yashi zai dawo ya rufe.

Bayan addu'ar bakwai, Zulmira ta kira ni ɗaki ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado. Ta ce, "Ɗauki, Nestor. Ta iso tun kafin ya rasu." Na buɗe. Marar nauyin ce, abin wasan jikoki. Raina ya ɓaci, na ce, "Dona Zulmira, shi ne ya ɓoye mini? Shekara da shekaru yana cina da surutu!" Ta ce, "Tun watan Mayu likita ya hana shi shiga ruwan sanyi. Ya ce kada in gaya maka, wai bakinka ba ya riƙe magana."

Na fito da ita, na ga ka riga ka haɗa ta. Na zura hannu, sai faifan ya kwanta a ƙasa daidai, ba sai na ɗaga kafaɗa ba. Ka rage tsawon sandar, Agenor. Kai da za ka riƙe ta a haka sai ka duƙa kamar mai shara. Ka ja maɗaurin hannu ka tsaida shi daidai gwiwar hannuna. A nan na zauna a bakin gadonka na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Tun daga ranar, duk janyewar ruwa ina ciki har ƙirji, sanyi na cin ƙashina. Na tono ƙusa, na tono darmar koma, na tono cokali. Shekaranjiya na'urar ta yi ƙara mai taushi, irin wadda ka koya mini, na ɗago matankaɗi na ga zinariya. Ban tsaya sa takalmi ba na nufi gidanka. Zulmira ta sa tabarau ta leƙa cikin zoben, ta daɗe, sannan ta ce, "Marlene aka rubuta. Ba ni ba ce." Ta miƙo mini. "Nemo mai shi. Wani yana can matarsa na masa gori."

Na ce mata zan koma, yashi bai gama dawowa ba. Ta ce, "Kada ka kashe kanka, Nestor, gawa ɗaya ta ishe ni. Mai sunana ne ya ɓata. Mai sunansa ga shi a hannuna."

Na ji ta, amma ban iya zama ba. Duwatsun bakin kogi sun fara nutsewa cikin yashi, yau da safe rabinsu kawai na gani.

Allah Ya jiƙanka, Agenor, Ya yafe maka kurakuranka, Ya mayar maka da alheri kamar yadda ka mayar wa mutane abin da suka fid da rai da shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Dona Zulmira, da Ivonete da 'ya'yanta, da 'yan'uwanka, da abokan tono na wannan gaɓa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya kyautata namu ƙarshen.

A nan zan tsaya, abokina. Ruwa ya fara janyewa, kuma sandar daidai take da ni.