Hatsue da Katifun Tsohuwa Umeko

Hatsue Nonomura ta fara tallar katifa gida-gida a Fukui, a ƙasar Japan, bayan rasuwar mijinta. Mace ce mai zafin rai tun tana budurwa. Idan aka rufe mata ƙofa, sai ta tsaya a titi tana zagin masu gidan a ranta. Ƙanwarta ce ta gaji da ita, ta ja ta zuwa wani ƙaramin haikalin Zen na mabiya addinin Buddha a bayan gonakin shinkafa, inda tsohon malami Ryokai yake sa mutane su zauna a ƙasa su fuskanci bango, su yi shiru, su bi numfashinsu.

Da farko gwiwoyinta kawai suka sha wahala. Daga baya ta lura idan mutum yana magana ta daina shirya amsa a zuciyarta, saurare kawai take yi. Mai ciwon baya ta zaɓa masa katifa mai tauri. Wanda tasa ke da sauran rai ta ce masa ya haƙura da sabuwa. Mutane suka fara tura ta gidajen danginsu, cinikinta ya wuce na kowa a ofishin kamfanin katifun.

Sai Kuroiwa, sabon manaja, ya kira ta ya tambayi sirrin. Ta faɗa masa tsakani da Allah. Ba a jima ba ya sayo matasai da 'yar ƙararrawa, kowace safiya ya zaunar da masu talla su yi shiru kafin su fita. Bayan an tashi sai ya yi musu huɗuba.

"Tsofaffi ba katifa suke nema ba, kunne suke nema. Ku yi shiru, ku gyaɗa kai, ku bar su su koka kan 'ya'yan da suka tafi Osaka. Da zuciya ta yi laushi, ku miƙa biro."

Abin bai yi wa Hatsue daɗi ba, amma ta tashi ta fita talla.

Wata rana da yamma ta biya gaishe da Umeko Tashiro, tsohuwar da ta taɓa sayen katifa a hannunta, wadda take zaune ita kaɗai kuma mantuwa ta fara kama ta. Ta tarar da ɗakin cike da katifu a cikin ledarsu, jere har kusan rufi. Teburin cin abinci an tura shi lungu, tsohuwa na cin shinkafarta a tsaye.

"Kaka, wa ya kawo miki waɗannan?"

"Abokan aikinki mana, 'yata. Kirki gare su! Zama suke yi su ji labarin marigayi mijina daga farko har ƙarshe. Ina ni ina barin su su tafi hannu wofi?"

Hatsue ta fita ba ta ko gama sa takalmi ba. Ta sami Ryokai a lambu yana cire ciyawa.

"Malam, abin da ka koya mini an mai da shi wuƙar yankan tsofaffi! Kuma kada ka ce mini in saki fushin nan, don wallahi ba zan sake shi ba."

"Wa ya ce ki sake shi?" in ji tsohon, bai ko ɗago kai ba. "Je ki zauna ki dube shi da kyau, kada ki kai shi ƙofar da ba tasa ba."

Ta zauna tana huci. Da ta tashi, ta kira 'yar Umeko a waya ta gaya mata komai, sannan ta ari motar ɗaukar kaya a wurin mijin ƙanwarta, ta je ta kwaso katifun daga gidan tsohuwar.

Washegari ana tsakiyar zaman shiru ta banko ƙofar ofis, ta jefo katifa ta farko a gaban Kuroiwa, ta koma ta jawo ta biyu.

"Nonomura-san, muna zaman natsuwa ne!"

"Natsuwar me? Ku buɗe idanunku, ɓarayi! Kai Sakuma, ba kai ka sha shayinta ba? Ka san sunan mijinta, amma ba ka ga a tsaye take cin abinci ba?"

Sakuma, ɗaya daga cikin masu tallan, ya sunkuyar da kai. Kuroiwa ya yi murmushi ya ce, "Da hannunta ta sa hannu."

"Hannun da bai san yau wace rana ba! Manaja, ko kunya ba ka ji?"

Kamfanin ya karɓi kayansa bayan 'yar Umeko ta yi barazanar kai ƙara. Hatsue kuwa aka sallame ta, wai ta ci mutuncin na gaba da ita. Shi Kuroiwa ƙarin girma ya samu, aka mayar da shi Nagoya, kuma an ce har yanzu yana kaɗa ƙararrawarsa.

Yanzu Hatsue tana tsaron wani ɗan shagon kayan shimfiɗa kusa da tashar jirgi. Cinikin ba yawa, amma ba wanda ya taɓa fita da abin da ba ya buƙata. Ko yau ka ambaci sunan Kuroiwa, sai ka ga jijiyar wuyanta ta tashi. Cikin duk waɗanda suka zauna a ofis ranar nan, Sakuma ne kaɗai ya taɓa leƙowa ya gaishe ta, shi ma ya kasa haɗa ido da ita.